Sai da na shekara a rami kafin a miƙa mini sanda

Takobi na je nema ranar da na fara shiga kalari, wato gidan koyon wasan faɗa na gargajiya a kudancin Indiya. Na faɗa wa abokina haka tun muna cikin jirgin ƙasa daga birnin Mangalo, ya dube ni kawai bai tanka ba. Shi mutumin Malabar ne, arewacin jihar Kerala a ƙasar Indiya, ɗakinmu ɗaya a makarantar koyon haɗa magunguna. Shi ya fara nuna mini hoton bidiyon wasu samari biyu suna sara da takobi da garkuwa, duk inda ƙarfe ya gamu da ƙarfe sai tartsatsi ya tashi. Ya ce kawunsa ne ya koyar da su, kuma sunan abin kalarifayattu, a taƙaice shi ma kalari. A watan Yunin 2015 ne, damina ta sauka, irin ruwan da yake kwana ya wuni bai ɗauke ba.

Ni ba baƙon irin waɗannan wasanni ba ne. Na yi shekara biyar ina karate a Kano tun ina sakandare. Ma'anar kalmar karate kanta hannu wofi ce, kuma haka muka koya. Malaminmu yana da wata doguwar sanda da ake kira bo, wadda ta kai tsayin ƙafa shida, a jingine a kusurwar ɗaki, manyan ɗalibai kaɗai ke taɓa ta. Abin da na taso da shi ke nan: a fara da hannu, makami kuma lada ne ga wanda ya daɗe. To ni a ganina na riga na biya wannan bashin tun a gida.

Muka sauka a Badakara, muka hau keke mai ƙafa uku zuwa ƙauyensu. Abin da na tarar bai yi kama da ɗakin motsa jiki ba. Rami ne aka haƙa a ƙasa, zurfinsa kamar ƙafa huɗu, tsawonsa ƙafa 42, faɗinsa 21, aka yi masa rufi da ganyen kwakwa. Ƙasan jar ƙasa ce da aka daɓe ta yi santsi, kamar daɓen ɗakin amarya a ƙauye. Ƙofar tana gabas, ana sauka da ƙafar dama. Dalilin ramin, kamar yadda aka yi mini bayani, shi ne kada iska ta riƙa bugun jiki yana cikin gumi, kuma zafin wurin ba ya hawa da sauka sosai. A can bangon yamma ga makamai nan a jere: sanduna dogaye da gajeru, wuƙaƙe, masu, takubba, garkuwoyi, da wani abu a naɗe kamar ɗamarar ƙarfe.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun kafin mu iso, dole in ambace shi domin na san duk Musulmin da zai karanta wannan zai tambaya. A yawancin kalari na mabiya addinin Hindu akwai wani dandamali mai hawa bakwai a kusurwar kudu maso yamma, sunansa futtara, inda ake kunna fitila a ajiye furanni, ɗalibi ya rusuna masa, sannan ya taɓa ƙafar malami. Na gaya wa abokina ba zan iya wannan ba. Ya ce in kwantar da hankalina. Kawunsa Musulmi ne daga al'ummar da ake kira Mafila, waɗanda Musulunci ya zo musu ta hannun Larabawa 'yan kasuwar teku tun ɗaruruwan shekaru, kuma suna da nasu gidajen kalari tun kaka da kakanni. Kiristocin Kerala ma haka. A wurinsa da bisimilla ake shiga, a yi salati, a yi musafaha da malami, shi ke nan. Malaman Hindu ana ce musu Gurukkal, shi kuwa Ustaz kowa ke ce masa. Dattijo ne siriri mai furfurar gemu, bai kai ni tsawo ba.

Bai tambaye ni abin da na iya ba. Ya sa aka ba ni man riɗi na shafe jiki tun daga kai har tafin ƙafa, na sa wando mai rufe gwiwa, aka naɗa mini wani dogon ƙyalle a ƙugu mai suna kacca, aka ɗaure tamau. Sai ya nuna mini sahun ƙarshe, inda yara 'yan shekara bakwai da takwas suke tsaye.

Horon kalari na arewacin Kerala hawa huɗu ne, kuma ba a tsallake ko ɗaya. Na farko meyitari, gyaran jiki. Na biyu koltari, makaman itace. Na uku ankatari, makaman ƙarfe. Na ƙarshe berumkai, faɗa da hannu wofi. Da abokina ya jero mini su sai na ɗauka ya kifa lissafin ne, don a karate hannu wofi shi ne farko. Ya ce a'a, haka yake.

Shekara guda cur na yi a hawan farko. Duk Juma'a da yamma in hau jirgi, in kwana gidansu abokina, mu yi horo bayan sallar asuba da kuma bayan la'asar ranar Asabar da Lahadi, in koma makaranta. Lokacin hutu kuwa can nake tarewa gaba ɗaya. Ana farawa da wurga ƙafa: ka ɗaga hannu sama, ka wurga ƙafa a miƙe har ta taɓa tafin hannun, kana tafiya daga wannan bango zuwa wancan, ka juyo da ɗaya ƙafar. Sai wurgi na kewaye, sai na karkace, sai wanda ake wurgawa a zauna daɓas a ƙasa a sake miƙewa ba tare da dafa hannu ba. Daga nan sai tsayuwa takwas da aka ɗauko daga dabbobi, irin su giwa, zaki, doki, gadu, maciji, kyanwa da zakara. Tsayuwar giwa ita ta fi ba ni wuya: ƙafafu a buɗe, ƙugu ya sauka, baya a shimfiɗe kamar faifai, ido na kallon gaba. Minti ɗaya a haka sai cinya ta kama rawa. Yaran nan kuwa kamar ba ƙashi a jikinsu. Ina da shekara 21 a lokacin, kuma a jikina na gane gaskiyar masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abin da ya sa na saba da wurin da wuri shi ne muryar Ustaz. Ba a ƙirga motsi da lamba. Malami ne ke rera umarni da harshen Malayalam na mutanen Kerala, cikin wani kari mai hawa da sauka, ana kiransa baitari: durƙusa, miƙe, hagu gaba, dama ta bi, juya, tsallake, sauka. Da na rufe ido sai in ji kamar ina makarantar allo da daddare, malam yana biyawa muna amsawa, sai dai a nan da jiki ake amsawa ba da baki ba. Kalmomin Malayalam na farko da na iya su ne idattu da balattu, hagu da dama, kuma ƙafata ta riga kunnena gane su.

Bayan wata uku na kasa haƙuri. Muna shan baƙin shayi mai lemun tsami da suke kira sulaimani, na roƙi abokina ya tambayar mini yaushe za a ba ni ko da sanda ce. Ustaz ya ajiye kofi ya ce, "Ɗana, ƙafarka ba ta san inda take ba tukuna. In na sa maka abu a hannu yanzu, duk hankalinka zai koma can, ƙafa ta zama marainiya. Wanda ƙafarsa ta zama marainiya kuwa, da sandarsa za a doke shi." Raina bai so ba, amma ban sake tambaya ba.

A daminar 2016, cikin watan da suke kira Karkidakam, wanda yake kamawa daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, aka yi mini tausar kalari ta kwana 14. Mutum zai kwanta a kan tabarma a shafe shi da mai, malami ya riƙe igiya da aka ɗaure a rufi don ya daidaita nauyinsa, ya riƙa murza jiki da tafin ƙafarsa tun daga yatsun hannu har dunduniya. A kwanakin nan an hana ni ruwan sanyi, da barcin rana, da shiga zafin rana. Kwana ukun farko na ji kamar an yi mini duka. Da aka gama, ƙuguna ya sauka inda bai taɓa sauka ba. Mako guda bayan haka, da asuba, Ustaz ya kira ni gaban bangon yamma, ya ɗauko doguwar sanda, ya auna ta da tsayina daga ƙasa zuwa goshi, ya yi addu'a, ya miƙa mini da hannu biyu. Na karɓa da hannu biyu.

Sunanta kettukari. Ba gora ba ce mai rami a ciki, irin karan nan ne mai tauri da lanƙwasa da ake saƙa kujeru da shi. Da farko shi kansa malami ne abokin karawarka, ba ɗalibi ɗan'uwanka ba, don shi ne ya san ƙarfin da za ka iya ɗauka. Ya kawo duka ta ka, ka tare. Ta haƙarƙari, ka tare. Ta ƙwauri, ka tare ko ka tsallake. Kana ja da baya har bango, sannan kai ma ka koro shi. Duk wannan a tsare yake, kowane darasi da jerinsa, ba a ƙara komai ba a ragewa. Kuma an hana kallon sanda. Idon abokin karawa ake kallo. Suna da wata magana cewa sai jiki duka ya zama ido, kuma na daɗe ina ɗaukarta zuƙi-ta-malle har ranar da hannuna ya tare wani duka da ban gan shi ba.

A nan ne shekarar da na yi a sahun yara ta fara biyana. Sanda doguwa tazara take koyarwa. Taku ɗaya gaba kana cikin haɗari, rabin taku baya duka ya wuce ta gaban hancinka. Hannu ba ya gyara wannan, sai ƙafa. Duk tsayuwar dokin nan da ta giwa da na sha wuya a kansu, ashe su ne gurbin da ake tare duka a ciki.

A wannan lokacin ne maganar ta kai kunnen mahaifina, don na tura wa ƙanena hoto shi kuma ya nuna a gida. Baba ya kira ni muryarsa ba daɗi. Ya ce, "Karatun magani na tura ka, ko koyon sara-suka? Ka san su wa ke yawo da gora da wuƙa a garin nan." Na san abin da yake nufi. Duk wanda ya tashi a Kano ya ga abin da faɗan daba ya yi wa unguwanni, ya san gidajen da aka shigar da gawar saurayi saboda rigimar da ba ta kai ta kawo ba. A idon Baba, matashi da makami a hannu labari ɗaya ne, kuma ƙarshensa ɗaya. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ka ba ni dama malamin ya yi maka magana da kansa." Aka haɗa su a waya, abokina yana fassara daga Malayalam zuwa Turanci, ni ina mayarwa Hausa. Ustaz ya yi sallama, ya ce, "Alhaji, ɗanka amana ne a hannuna. Ranar da na ga makami yana ƙara masa zafin kai, ni zan karɓe shi da hannuna kafin ka ji labari." Baba ya yi shiru, can ya ce, "To, Allah ya yi jagora. Amma karatu shi ne gaba."

Ban san alkawarin nan zai zo kaina ba.

Makami na biyu sunansa cerubadi, gajeriyar sanda mai tsawon taƙi uku, mai kauri, da ake sassaƙawa daga itace mai nauyi kamar zuciyar tsamiya. Ita kusa da kusa ake yinta, kuma da sauri ƙwarai, har ƙarar haɗuwar sandunan takan zama kamar ana sakwara a turmi biyu. A farkon 2017 aka haɗa ni da wani yaro ɗan shekara 16 wanda ya fi ni ƙwarewa nesa ba kusa ba. Sau uku sandarsa tana samun gaɓar yatsuna, domin ina makara wajen juya hannu. Laifina ne, ba nasa ba. Amma a na ukun sai zuciya ta ɗebe ni, ga yara suna kallo. Na fita daga jerin darasin, na kawo masa duka ta inda bai zata ba, da dukan ƙarfina. Ta same shi a tsintsiyar hannu. Sandarsa ta faɗi, ya durƙusa ya riƙe hannun, bai yi kuka ba, amma na ga hawaye ya cika masa ido.

Baitari ya tsaya. Ramin ya yi tsit. Ustaz bai ɗaga murya ba. Ya zo ya miƙo hannu, na ba shi sandar, ya mayar da ita bango. Ya zaunar da yaron, ya lalube ƙashin da yatsunsa a hankali, ya ce bai karye ba. Ya sa aka kawo wani mai da suke kira muribenna, man kwakwa ne da aka dafa da ganyaye, cikinsu har da zogale da ƙananan albasa. Sai ya ce ni zan riƙe hannun yana shafawa yana ɗaurewa. Ina riƙe da hannun yaron nan ina jin yadda yake kumbura a tafina. Da ya gama ɗauri ya ɗago ya dube ni, ya yi tambaya ɗaya, abokina ya fassara da murya ƙasa-ƙasa: "Da ƙarfe ne a hannunka fa?"

Wata biyu na koma sahun yara. Ba a kore ni ba, ba a kuma sake tayar da maganar ba. Na je gidan su yaron na ba iyayensa haƙuri, mahaifiyarsa ta kawo mini shinkafa da kifi ta ce in ci. Wannan abincin ya fi kowane faɗa yi mini nauyi.

A watannin nan biyu na fahimci abin da hawa na biyu yake yi. Da na ɗauka ana ba mutum itace ne don hannunsa ya saba kafin ƙarfe. Haka ne, amma rabin zancen ke nan. Itace yana ba malami shekaru yana kallon halinka a lokacin da ka ji zafi, a lokacin da ƙaramin yaro ya fi ka, a lokacin da ka gaji kuma ana kallonka. Ba wanda zai iya ɓoye halinsa shekara biyu ana dukan yatsunsa. Kuskuren itace kumburi ne da mai zai warkar. Na yarda da wannan tsari har zuciyata, kuma da za a tambaye ni abu ɗaya da ya kamata duk mai koyar da matasa makami ya ɗauka daga Kerala, shi zan nuna.

Ustaz yakan ce ba don sanda ba da abin ya mutu. A 1804 Turawan Ingila suka hana riƙe makami a Malabar, lokacin da suke yaƙi da Fazassi Raja, sarkin da ya yi musu tawaye har aka kashe shi a 1805. Gidajen kalari da yawa suka rufe, waɗanda suka rage suka ci gaba a ɓoye da gyaran jiki da sanduna da aikin ɗori. Sai a shekarun 1920 aka fara farfaɗo da shi a fili a yankin Talasseri, ta hannun irin su Kottakkal Kanaran Gurukkal da ɗalibinsa C. V. Narayanan Nair. A garin Badakara ɗin nan kuma akwai wata dattijuwa, Minakshi Amma, wadda ta fara tun tana shekara bakwai, gwamnatin Indiya ta ba ta lambar girma ta Padma Shri a 2017 tana da shekara sama da 70. Na ga wasanta a wani taro, sanye da sari, tana karawa da namijin da ta haifi kamarsa. Ban ga ta yi gaggawa ko sau ɗaya ba. Kullum tana riga shi isa wurin da ya kamata ta tsaya.

Na dawo kan cerubadi, daga baya aka fara nuna mini otta, wani lanƙwasasshen itace mai kama da hauren giwa, wanda ake soka wa wuraren da suke kira marma, wato gaɓoɓin jiki masu haɗari. Tsofaffin littattafan likitancin Indiya sun ƙirga guda 107. Malamai suna ɗaukar otta a matsayin uwar darussa, har sukan ce wanda ya iya ta ko cikin barci zai kare kansa. Kaɗan na samu daga cikinta.

Ranar da na fara riƙe takobi kuwa ba ranar horo ba ce. A watan Agustan 2018 aka yi ambaliyar da ta ci rayuka sama da 400 a Kerala. Ƙauyensu Ustaz bai sha wuya kamar wasu wurare ba, amma ramin ya cika da ruwa har baki. Da ruwa ya janye muka taru da bokitai muka kwashe, muka kankare laka, aka kawo sabuwar jar ƙasa muka yi kwanaki muna daɓe. Makaman ƙarfe duk sun yi tsatsa. Ustaz ya zaunar da ni a barandar gidansa, ya ajiye mini takubba shida da tsumma da mai da garin bulo, ya ce in goge. Wuni biyu na yi a kansu. Na san nauyin kowanne, na san inda bakinsa ya ɓantare, na ga gurbin yatsun waɗanda suka riƙe su kafin a haife ni.

Bayan wata uku aka shigar da ni hawa na uku. Aka fara da wuƙa mai suna kattaram, sannan takobi da garkuwa. Bakin takubban horo a dakushe yake, amma ƙarfe ƙarfe ne, in ya sauka a ƙashi zai fasa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kusan duk gyaran da Ustaz ke yi mini a hannun hagu ne, hannun garkuwa. Garkuwar zagayayya ce, ba ta da faɗi, sai ka dunƙule jikinka ka ɓuya a bayanta, ka leƙo ta gefe. In ta sauka da faɗin yatsa biyu sai ya taɓa goshina da bakin takobinsa a hankali, ya koma. Abin naɗaɗɗen nan da na gani ranar farko, urumi, takobi ne mai lanƙwasa kamar bulala wanda ake ɗaurawa a ƙugu, kuma shi ake koyarwa a ƙarshen makamai domin ya fi saurin yankan mai shi. Ban kai gare shi ba. Hawa na huɗu ma leƙa shi kawai na yi, amma na gane dalilin da ya sa yake ƙarshe: wanda zai tari mai wuƙa da hannu wofi, sai ya san abin da wuƙa ke iya yi daga ɓangaren mai riƙe da ita. Na gama karatu a 2019 na yi sallama da su.

Aiki ya kai ni Doha, kuma a can na gamu da tsarin da ya kifar da duk wannan. Wasu 'yan ƙasar Filifin da muke aiki tare suna taruwa da safiyar Juma'a a wani fili suna arnis, wasan da dokar ƙasarsu ta 2009 ta ayyana a matsayin wasan faɗa na ƙasa. Ranar farko, kafin ma in gama gaisawa, malaminsu, wanda suke kira Guro, ya danƙa mini sanduna biyu masu tsawon kamar santimita 70. Ya nuna mini kusurwoyin duka goma sha biyu, kowacce da lambarta, sannan wani darasi na mutum biyu mai suna sinawali, wato saƙa, don sandunan suna shiga juna kamar ana saƙa tabarma. Na ce masa a inda na fito sai an shekara kafin a taɓa sanda. Ya ce, "Ɗan'uwa, kakanninmu manoma ne da masunta. Adda tana hannunsu tun safe. In mahara suka sauko daga teku, wa zai ce su jira shekara?" A wurinsu sanda wakiliyar adda ce, kuma abin da ake fara nema shi ne hannun da ke riƙe da makami, suna ce wa wannan cire wa maciji haƙori. Hannu wofi yana zuwa daga baya, da motsi iri ɗaya da na sandar.

Na yi ta juya wannan a raina. Kalari ya ginu ne a kan yaro ɗan shekara bakwai da za a yi shekara goma ana rainonsa. Arnis ya ginu a kan babban mutum da makami ya riga ya zama kayan aikinsa. Kowanne da wanda yake magana da shi. Amma a wata na biyu Guro ya ɗauko sanduna uku ya jera su a ƙasa suka yi kusurwa uku, ya ce mu ajiye na hannunmu, muka wuni muna taka kusurwoyin nan, shiga ta gefe, fita ta gefe. Ya dube ni ya ce wa ya koya mini tafiya. Na ce wani dattijo ne a cikin rami. Akwai kuma wani Bamisire daga kudancin Masar da yakan zo kallo, wata rana ya karɓi doguwar sanda ya nuna mana tahtib, wasan sandar da ake yi a bukukuwansu da ganga da wata algaita mai suna mizmar, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun da ake tattalinsu a 2016. Kafin sanduna su haɗu sai da ya kewaya fili yana rangaji, yana auna abokin wasansa. Ni kuwa takkai ya tuna mini.

Da na zo hutun babbar sallah na tsaya kallon hawan Daushe, 'yan lifida da 'yan sulke suna wucewa da takubba da masu, na tambayi kaina mutum nawa cikinsu aka koya wa abin da ke hannunsu hawa-hawa. Kwana biyu bayan haka na tafi ƙauyenmu. Gorar kakana tana nan a ɗakin kawuna, mai zoben ƙarfe a ka, ta yi baƙi saboda hannu. Na tambaya ko akwai wanda ya rage da ya san yadda ake kare kai da ita, ba duka kawai ba. Aka ce su uku ne, ɗaya ya makance. Aka kai ni wurin wani tsohon mafarauci, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, so nake ka nuna mini yadda kuke riƙe gora."

Ya karɓe ta ya jinjina, ya ce ya san mai ita, sun yi farauta tare. Ya miƙe da ƙyar, ya ce in kawo masa duka. Na kawo a hankali. Bai tare ba, ya goce rabin taku zuwa hagu, sai ga kan gorar a kafaɗata. Ya nuna mini tariya iri uku, ba wadda take da suna, ya ce haka suka ga manya suna yi a dawa suka kwaikwaya. Da na gwada sai ya daki ƙwaurina da gindin gorar, ya ce in buɗe ƙafa, na tsaya kamar mai jiran mota. Na roƙe shi izinin ɗaukar hotonsa da waya, ya yarda. Ya ce in dawo bayan girbi lokacin da ƙafarsa ta yi sauƙi, zai aika a kira ɗayan, don akwai abin da sai mutum biyu ake nuna shi. Na riga na nemi hutun watan Nuwamba a wurin aiki, kuma ƙanena ya ce zai bi ni.